Ɗakin Inna: tsakanin jan goro da jar kanwa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda aikin ɗakin Inna, don in san inda kowane kwabo ya shiga. Ɗakin yana gefen gabas na gidanmu a Tumfure, nan Gombe, ƙafa 12 da 14, tsayin bango ƙafa 10. Taga biyu ce: babbar tana kallon yamma, wato tsakar gida, ƙaramar tana kallon arewa. Banɗakinta a manne yake da bangon kudu. An gama filasta tun 9 ga Disamba da simintin Ashaka, ga shi mun kusa cika mako huɗun da ake ba sabuwar filasta kafin a ɗora mata fenti. Wanda ya yi gaggawa, kaifin siminti ne zai cinye masa kala.

Shekara biyu muna lallashin Inna ta baro Kumo, tun bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Sai a watan jiya ta amince, ta ce za ta tare kafin azumi. Ba ta nemi tayil ba, ba ta nemi fanka ba. Abu ɗaya ta roƙa: "Auta, in da hali a shafa mini irin kalar ɗakina." Kowa a gidanmu ya san kalar nan, amma ba wanda zai iya kiran sunanta. Ta fi ruwan hodar ɗakin amare nauyi, ba ta kuma kai ja ba. Baba ne ya sa aka shafa ta a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, kuma tun daga nan buroshi bai sake taɓa bangon ba.

Lissafi: in an cire ƙofofi da tagogi, bangon ya kai murabba'in mita 42. Lita ɗaya ta fenti mai ruwa tana rufe kamar mita 10 a shafi ɗaya. Shafi uku, lita 13 ke nan. Bokiti ɗaya mai lita 20 zai isa har a rage. Na ware ₦150,000 don aikin duka.

Talata, 7 ga Janairu

Da aka tashi daga makaranta na biya wani shagon fenti kusa da babbar kasuwa. Mai shagon ya miƙo mini katin kaloli, na yi ta buɗawa har na iso wajen jajaye masu haske. Nan na tsaya. Guda biyu ne a jere, kowace faɗinta bai wuce akwatin ashana ba, kuma duk wadda na kalla sai in ce ita ce ta ɗakin Inna. Na fita da katin bakin titi, na dawo ciki, na sake fita. Yaron shagon ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, ka ɗauki kowace." Ba ɗaya ba ne. Idona yana ganin bambanci, bakina ne ya kasa faɗarsa.

Mai shagon ne ya warware mini. Ya ce ɗayar da red oksayid ake haɗa ta, a zuba fari da ɗan ruwan ɗorawa. Ɗayar kuma da ja mai ƙarfi ake yi, irin na kwalba, da ɗigon shuɗi. Wannan bayani ya zauna mini, don abin da nake koya wa ɗalibai ne a ajin kimiyya: red oksayid tsatsar ƙarfe ce, ita ce ke sa jar ƙasa ta yi ja, kuma rana ko kaifin siminti ba su cika yi mata illa ba. Jan kwalba ya fi ta ɗaukar ido, amma da yawa daga irinsa suna koɗewa da shekaru, kuma ba sa saurin rufe bango.

Na sa aka haɗa mini lita ɗaiɗaya na gwaji, ₦4,000 kowace. A gida maman yara ta buɗe gwangwanayen, ta leƙa, ta ce mai jan kwalba jan goro ne sabon ɓarawa, mai red oksayid kuma jar kanwa. Sunayen da ke kan katin na Turanci ne da lambobi, ba wanda zai riƙe su. Daga yau da sunayenta za mu riƙa kiran su.

Alhamis, 9 ga Janairu

An fara sikiridin, wato shafe filasta da farin haɗi don bango ya yi sumul kafin fenti. Bokitin fentin sikiridin ₦14,000, buhun farin siminti ₦11,000, gam ₦3,500, sanfefa ₦1,500. Kuɗin aiki mun daidaita a ₦18,000, na ba da rabi. Mai fentin dattijo ne mai natsuwa, yana da yaro ɗaya.

Lahadi, 12 ga Janairu

An samu matsala. Jiya da yamma aka gama sikiridin, bango ya yi sumul kamar ƙwai. Yau da safe na shiga na tarar da wani tabo a ƙasan bangon kudu, faɗinsa kamar faifai, ya yi duhu, gefensa kuma ya fitar da wani fari-fari kamar gishiri. Na ɗora tafin hannu, sanyi. Ko'ina ya bushe ƙarau saboda hunturu, nan kaɗai ne da laima.

Da farko na zaci ruwan da aka kwaɓa sikiridin da shi ne ya zube a wurin. Mai fenti ya zo ya duƙa, ya kankare da wuƙarsa, ya ce, "Malam, wannan daga ciki yake fitowa." Sai na tuna ranar Juma'a muka sayi ruwan tanka aka cika tankin sama karon farko, wato ranar ce ruwa ya fara bin fayif ɗin banɗakin. Tabon yana daidai bayan famfon alwala.

Ya ba ni shawara biyu. Ko a shafe wurin da fenti mai mai a rufe, a ci gaba da aiki gobe, ko a fasa bango a nemo inda yake yoyo. Ta farkon ta fi sauƙi, kuma na san gidaje da yawa haka ake yi. Amma ruwan da aka toshe wa hanya wata zai nema, kafin damina fentin ya kumbura ya ɓare. Ga Inna da tari duk lokacin sanyi, ba zan kwantar da ita kusa da bango mai danshi ba. Na rufe kan tanki, na kira mai gyaran famfo.

Laraba, 15 ga Janairu

An fasa ta cikin banɗaki, Allah ya taimaka ba a kai ga manna tayil ba. Gwiwar fayif ce ba a sa mata gam sosai ba, tana ɗiga a hankali. An canza ta, muka buɗe ruwa muka zuba ido awa biyu kafin a mayar da siminti. Kayan famfo ₦4,500, aikinsa ₦6,000, magini da siminti da yashi ₦9,000. Wannan ₦19,500 ba ya cikin lissafina na farko. An kankare sikiridin ɗin wurin har zuwa filasta don ya sha iska. Mai fenti ya ce a ba shi kwana goma.

Asabar, 18 ga Janairu

Ba aiki. Tagogi a buɗe dare da rana. Tabon ya fara janyewa daga gefe.

Asabar, 25 ga Janairu

Jiya na manna farar leda a wurin da tef, na rufe gefe huɗu. Yau na ɓare, ba gumi ko kaɗan a cikinta, bangon ma bai yi duhu ba. An mayar da sikiridin ɗin wurin, ₦3,000. Na sayi galan ɗin fentin ƙasa, wanda ake fara shafawa don ya tare kaifin siminti, ₦12,000.

Gwajin kala ban yarda a yi shi a jikin bango ba. Na yanko ragowar silin bod guda biyu, ƙafa 3 da 3, aka shafa musu fentin ƙasa, sannan kowanne ya sha kalarsa shafi biyu. Dalilina shi ne in iya yawo da su daga bango zuwa bango, in kuma raba su. Idan suna gefe da gefe kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta abin da ba ta da shi: jan goro ya koma kamar zoɓo, jar kanwa ta koma kamar tubali. Suna jiƙe na kusa yanke hukunci, mai fenti ya ce in bari sai gobe, fenti mai ruwa ba ya nuna fuskarsa sai ya bushe.

Talata, 28 ga Janairu

Kwana uku ina bin allunan nan da ido. Na jingina su a bangon gabas, don shi ne bangon da Inna za ta fi kallo, nan ne alƙibla, nan dardumarta za ta zauna.

Da hantsi, hasken da ke shigowa ta tagar arewa ne kawai, mai sanyi, ga hazo ya rufe sama. A wannan lokaci jan goro ya fi kyau nesa ba kusa ba, yana da rai, jar kanwa kuwa sai ta yi kamar an yayyafa mata toka. Da azahar sun kusa zama ɗaya. Bayan la'asar, da rana ta faɗo ta tagar yamma ta bugi bangon, sai labari ya juye. Jar kanwa ta ɗauki ɗumi, ta yi kyau har na zauna a ƙasa ina kallonta, jan goro kuma ya yi ƙara, ya cika ido. Wannan a kan allo mai ƙafa uku ke nan. Idan ya mamaye bango huɗu, kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa haske, ƙarfin zai ninka.

Gida ya rabu biyu. Maman yara tana bayan jar kanwa, ta ce ita ce ba za ta nuna ƙura ba, kuma duk wanda ya san ƙurar Gombe a hunturu ya san maganarta tana kan hanya. Yara suna son jan goro. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya a Bauchi ta WhatsApp, ta bugo ta ce, "Auta, allo ɗaya ka ɗauka sau biyu?" Na sake ɗauka da wayar maman yara, sai ga su sun fito kamar ba dangi ba, ɗaya ruwan goro ɗaya ruwan hoda. Kyamarar waya tana gyara haske da kanta, kowace da nata ra'ayin. Na daina tura hotuna. Yaya dai ta ce a iya tunaninta ɗakin Inna ja ne sosai, ni kuma a nawa tunanin bai kai haka ba. Ta girme ni da shekara tara.

Alhamis, 30 ga Janairu

Daren jiya na gwada su da wuta. Ƙwan da ke ɗakin farin nan ne tas, a kwalinsa an rubuta 6500K. A ƙarƙashinsa jan goro ya karkata zuwa shunayya, jar kanwa ta yi fari-fari kamar ba lafiya. Na sayo ƙwai biyu masu lamba 3000K, masu haske ruwan ɗorawa, ₦1,800 kowanne. Yawan lambar, yawan karkatar hasken zuwa shuɗi. Da na sa su duka kalolin suka natsu, jar kanwa ta dawo yadda take da la'asar. Ko wace aka zaɓa, waɗannan ƙwayayen za su zauna.

Na yanke shawara ranar Asabar zan je Kumo da allunan. Tun farko abin da ya kamata ke nan, a auna da bangon da ake son kwaikwaya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na shiga mota da sassafe, allunan a naɗe cikin tsohon zane. Na tarar da Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Bayan gaisuwa na ce ina so in auna bango, ta ce in shiga, ita ba ta taso ba.

Na jingina jar kanwa a bangon da ke kusa da gadonta. Ta shige ciki kamar daga nan aka yanko ta, in ban da ta fi shi tsabta. Na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Har na fara naɗe allunan sai idona ya kai kan kabad ɗin kwanukanta, wanda tun ina yaro yake wuri ɗaya. Na kira ɗan maƙwabta ya kama mini muka ja shi kaɗan. Bayan yanar gizo-gizo da ƙura, da na goge da tsumma, sai ga wata kala dabam, mai rai, mai ɗan shuɗi a ƙarƙashinta. Na ɗora allon jan goro a gefe. Ita ce, ba ko tantama.

Na daɗe a tsaye. Ashe duka biyun na ɗakin Inna ne. Jan goro Baba ya saya ya sa aka shafa. Shekara ashirin da takwas na rana ta taga, da hayaƙin turaren wuta, da garwashin da take shiga da shi lokacin sanyi, da ƙura, su suka mayar da shi jar kanwa a duk inda ba a rufe ba. Yaya ba ta yi kuskure ba, ita ta san ɗakin yana sabo, ta yi aure ta tafi da wannan a ido. Ni kuma na girma ne a cikinsa yana koɗewa a hankali, ban taɓa lura ba.

A raina na riga na karkata. Na ce wannan ita ce zaɓin Baba da kansa, da kuɗinsa, in na shafa ta kamar na mayar wa Inna ɗakin ne yadda ya ba ta. Na kira Yaya daga nan, ta yi shiru, sannan ta ce, "A shafa ta Baba." Na ɓamɓaro ɓawon fenti biyu da wuƙa, ɗaya daga bayan kabad ɗaya daga fili, na sa a ambulan.

Ban faɗa wa Inna ra'ayina ba. Na roƙe ta ta zo Gombe ranar Laraba ta ga ɗakin da idonta. Kuɗin mota, nawa da nata, ₦6,000.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Inna ta iso kafin azahar. Ta zaga ɗakin, ta taɓa bango, ta leƙa banɗaki, ta sa albarka. Na bari sai da ta yi la'asar a ciki, tana zaune a kan darduma, sannan na shigo da allon jan goro shi kaɗai na jingina a gabanta. Ta kalle shi ta yi murmushi.

"Wannan ai ita ce ta ranar da aka shafa," in ji ta. "Na ce wa babanku ta yi ƙara, kamar ɗakin 'yan mata. Ya ce in yi haƙuri, za ta kwanta."

Na ɗauke, na kawo jar kanwa. Wannan karon ba ta ce komai ba sai da ta ja carbi ya kusa zagayowa. Sannan ta ce, "Ta kuwa kwanta. Wadda ta kwanta nake so, Auta. Ni ba ni da shekara ashirin ɗin jiran wata."

Maganar ta taɓa ni. Na so in kawo zancen cewa ɗayar ce zaɓin Baba, sai na ga ba ni da hurumi. Ita ta zauna da shi a ɗakin nan, ita ta yi jinyarsa a ciki, kuma bangon da take kallo a duk waɗannan shekaru na ƙarshe jar kanwa ne. Na kira Yaya da dare na faɗa mata yadda aka yi. Ta ce to, abin da Inna ta ce shi ne.

Akwai kuma abin da ya kwantar mini da hankali ta fuskar aiki: tunda da red oksayid ake haɗa wannan, ba a sa ran ta gudu daga inda aka ajiye ta kamar yadda waccan ta yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar ɓacin rai. Na biya ₦58,000 na bokiti mai lita 20, marar sheƙi sosai amma wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Mai shagon ba ya nan, yaronsa ne ya haɗa. Na ga yana zuba kala da murfin kwalba, yana juyawa da sanda, yana ƙarawa da ido. Na tambaye shi ko yana da ma'aunin da aka yi na gwaji da shi, ya ce yana kansa.

Da na kawo gida ban bari an kai shi ɗaki ba. Na shafa kaɗan a gefen allon da Inna ta zaɓa, na jira ya bushe. Ya fito ya karkata zuwa ruwan goro, kamar jan bulo. Ruwan ɗorawan ya yi yawa. A cikin bokiti ba za ka gane ba, amma a kan allo, gefe da gefe, ko yaro zai nuna maka. Kuskuren ɗigo biyu a lita ɗaya, in aka ninka shi sau ashirin ba ɗigo ba ne kuma.

Na mayar da shi a Keke Napep tare da allon. Yaron ya sake cewa ai duk ɗaya ne. Wannan karon raina ya ɓaci, na ce masa wata guda ke nan ina kan bambancin da yake cewa babu, kuma tsohuwa ce ta zauna ta zaɓa da bakinta. Mai shagon ya dawo ana cikin haka, ya ɗauki allon ya fita da shi rana, ya dawo bai yi musu ba. Ya ce in bar bokitin zuwa Litinin. Na roƙe shi abu biyu: a auna da sirinji, kuma a rubuta mini abin da aka zuba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An gyara. Ya kwashe lita biyu, ya mayar da fari da ɗan ja. Mun gwada sau uku a kan allo, muna jira ya bushe kowane karo, kafin ya zauna daidai. Bai karɓi ƙarin kuɗi ba. Ma'aunin yana rubuce a bayan rasit. Rola, buroshi, tef da ledar rufe ƙasa ₦6,500. Keke zuwa da dawowa sau biyu ₦3,000. Da yamma an shafa fentin ƙasa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Shafi na farko bai yi kyau ba. Ina makaranta aka fara, mai fenti kuma ya tafi jana'iza ya bar yaronsa. Da na dawo na ga bangon yamma ya yi dabbare-dabbare, wani wuri fari yana leƙowa, ga sawun rola a tsaye kamar an ja layi. Yaron ya tsiyayi fenti a wani bokiti ya ƙara masa ruwa fiye da kima don ya yi masa saurin tafiya. A jikin bokitin an rubuta kada ruwa ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Sa'ar da aka yi, bai zuba ruwan a babban bokitin ba.

Sawun rolar kuma laifin iska ne. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye fenti kafin a haɗa layi da layi, ga tagogi a buɗe, ƙura ta shigo ta manne a bangon arewa, in ka shafa hannu sai ka ji ƙaiƙayi-ƙaiƙayi. Mai fenti ya dawo ya ga aikin, ya yi wa yaron faɗa a hankali, ya ce gobe da kansa zai riƙe rola. Mun shirya haka: a bi bangon da sanfefa mai laushi, a yayyafa ruwa a tsakar gida, a rufe tagar arewa, a fara da sassafe, kuma in an kama bango ba tsayawa sai an kai kusurwa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Shafi na biyu. Ya rufe, saura inuwa kaɗan a bangon yamma.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Shafi na uku, an gama kafin azahar. An cire tef tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba don kada ya ɗago gefe. Na biya mai fenti ₦22,000. Da la'asar na shiga ni kaɗai na zauna inda dardumar za ta kasance. Ya fi allon ƙarfi kaɗan, kamar yadda na zata. Na fito da ɓawon da na ɓamɓaro daga filin bangon Kumo na ɗora a kai, sai da na matso sosai kafin na ga inda ya tsaya.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Warin fenti ya kusa fita. Ina buɗe tagogi da rana in rufe da yamma, saboda tarin Inna ba na so ta shiga sai ya tafi gaba ɗaya. Wurin da ya yi yoyo ina duba shi kullum, ba alamar komai.

Jimillar abin da aka kashe ₦189,600. Na haura abin da na ware da ₦39,600, kusan rabinsa na fayif ne. Fenti ya rage kamar lita 6. Na shimfiɗa leda a bakin bokitin kafin in danna murfi, na rubuta kwanan wata a jiki, na ajiye a sito inda rana ba ta kaiwa. Rasit mai ma'auni da ambulan ɗin ɓawon Kumo suna cikin wannan littafi. Ragowar gwangwanin jan goro yara sun roƙa a shafa musu a allon karatunsu, na ba su.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Inna ta tare jiya da yamma, kaya a mota ɗaya. Yaya ta zo daga Bauchi don jere. Da ta shiga ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ikon Allah, har na ji kamar zan ga buzun Baba a can." Ita da maman yara suka kwana suna wanke kwanuka da tasoshi suna gogewa.

Kabad ɗin ya zo, amma ƙafarsa ɗaya ta baya gara ta cinye, don haka yana tsakar gida, kwanukan suna kan tabarma. Inna ta nuna bangon arewa, gefen taga, ta ce nan za a sa shi. Da safe ta sa aka kunna mata turaren wuta. Na yi niyyar in ce a riƙa buɗe taga saboda bango, sai na fasa.

Labule ya rage. Maman yara ta kawo ƙyalle biyu daga kasuwa, ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, Inna ta ce a bar su a rataye kwana biyu ta gani. Ana sa ran duban watan azumi ranar Juma'a. Kafinta zai zo gobe da hantsi, ya ce ƙafar kabad ₦2,500.